Barbarar Yanyawa da Ruwa Biyu: Tarihin Sunan Wanda Iyayensa Ba Jinsi Ɗaya Ba

Akwai wata tambaya da ta kan taso wa malamin Hausa, ko sa'ad da ya ke fassara, ko sa'ad da ya ke duba rubutun ɗalibansa, watau me za a kira mutumin da ubansa Balarabe ne ko Bature, uwarsa kuwa Bahaushiya. Maganganu biyu ne su kan zo baki nan da nan, barbarar yanyawa da ruwa biyu. Waɗansu malamai sun ce ta farkon zagi ce, bai kamata a bar ta ta shiga aji ba. Waɗansu kuwa sun ce Hausa ce ta asali, iyakar laifinta ta tsufa, kuma wanda ya ƙi ta ra'ayin Turawa ya aro. Nufin wannan takarda shi ne a nuna cewa tambayoyi biyu ne aka cuɗe wuri guda. Tsufan kalma daban, zafinta daban, kuma ba a gane ko ɗaya sai an koma ga tarihin mutanen da a ke kira da ita da kuma ƙirar kalmar kanta. Za mu ɗauki Kano ta zama misali, gama tun daga unguwannin cikin birni har zuwa masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, ta daɗe ƙwarai da baƙi masu farar fata.

Farare a cikin birni

Mutanen arewacin Sahara sun daɗe suna zama a Kano. A ƙarshen ƙarni na 15, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya zo daga ƙasar Magrib ya zauna a birnin. Sharifan Kano suna danganta kansu da shi, har wa yau kuwa shugabansu Sidi Fari a ke ce da shi. Ga fari a cikin sunan, amma girmamawa ce, ba wanda ya taɓa jin ta kamar gori. Daga baya fataken Gadamas da na Tarabulus suka yi gidaje a birni, Barth ma ya tarad da su sa'ad da ya iso Kano a 1851. Sunayen unguwanni sun riƙe labarinsu. Alfindiki daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ta fito. Dandalin Turawa kuwa shaida ce cewa da can Larabawan nan a ke kira Turawa, kafin mutanen Ingila su zo su gaje sunan.

Waɗannan fatake sun auri matan gari, sun kuma ajiye ƙwaraƙwarai, sun haifi 'ya'ya da yawa. To, me aka kira 'ya'yan? An kira su da asalin ubanninsu. Ɗan Balarabe Balarabe ne ko da ya fi uwarsa duhu, ɗan Sharifi kuwa Sharifi ne. In zuriya ta daɗe, harshen kaka ya ɓace, sai ta zama Kanawa, asalin ya rage sai a wajen ba da tarihi ko neman aure. Haka ya faru ga Agalawa da Tokarawa, waɗanda kakanninsu suka gangaro daga wajen Azbin suka zama manyan fataken goro. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, daga cikin Agalawa ya fito, ba kuwa mai cewa shi rabin Bakano ne.

Ma'aunin da: uba da 'yanci

Dalilin wannan a fili ya ke. Hausawa ta wajen uba su ke lissafin asali, shari'ar Malikiyya da a ke bi kuwa ta ƙarfafa haka. Ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangijinta ɗa ne, yana gado daidai da ɗan matar aure, uwarsa kuma ba a sayar da ita, tana samun 'yanci in ubangijin ya rasu. Sarakuna da dama a ƙasar Hausa 'ya'yan sa-ɗaka ne, iyayensu mata daga kabilu dabam dabam, wannan bai hana su gadon sarauta ba. Tambayoyin da jama'a ke yi game da mutum biyu ne, wane ne ubansa, kuma ɗa ne ko bawa. Launin fata ba ya cikin biyun nan.

Ba wai Hausawa ba su kula da launi ba. Suna da fari da baƙi da ja da wankan tarwaɗa, su kan raɗa wa jan yaro Jatau, su kan yi wa Bature laƙabi da jan kunne. Ba kuma za a ce hasken fata bai taɓa zama abin so ko abin taƙama ba. Amma siffa ce ta mutum ɗaya, ba a gina wani rukunin jama'a a kanta ba.

Nahawu ma ya ba da shaida a nan. In Hausa ta ɗauki waɗansu mutane a kan jama'a ce mai zaman kanta, ta kan yi musu suna da ɗafa-goshin ba- a tilo da ɗafa-ƙeyar -awa a jam'i, kamar Bahaushe da Hausawa, Balarabe da Larabawa, Banufe da Nufawa. Wanda aka haifa cikin bauta ya sami irin wannan suna, watau bacucane, jam'i cucanawa, ban da dimajo da aka aro daga Fulatanci. Wannan ya nuna matsayin sananne ne, yana da ka'idodinsa, musamman a fadar Kano inda manyan bayin sarki irin su Shamaki da Ɗanrimi da Sallama su ke da iko ƙwarai. Amma wanda iyayensa ba launi ɗaya ba bai sami suna mai wannan ƙira ba. Harshe ba ya ƙera suna ga abin da jama'a ba ta ware ba.

Abin da mulkin Turawa ya kawo

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911. Su kuwa da wani ma'auni suka zo, wanda launi ne ginshiƙinsa. Suka raba gari kashi kashi. Turawa suna Nasarawa da Bompai, an bar fili tsakaninsu da sauran mutane da sunan kiyaye lafiya. Baƙin da suka zo daga Kudu aka yanka musu Sabon Gari. Mutanen Sham da Lebanon, waɗanda Hausawa ke kira Kwarori, aka ba su nasu wuri kusa da Fagge, inda kasuwar Kantin Kwari da Titin Beirut su ke. A 1909 kuwa Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka, Lord Crewe, ya aika wa ma'aikatan gwamnati takardar gargaɗi kada su ajiye matan ƙasashen da su ke mulki, wanda ya yi haka aikinsa na cikin haɗari.

Takardar ba ta hana a haifi 'ya'ya ba, abin da ta ƙara shi ne ɓoyewa. Balaraben birni ya kan yi wa ɗansa suna a gaban jama'a, ya ba shi gado. Ma'aikacin gwamnati kuwa in ya haihu da 'yar ƙasa, galibi ba aure, ba suna, in wa'adinsa ya cika ya tafi. Sai ga yaro a hannun dangin uwa, a cikin jama'ar da ke tambayar uba kafin kome, ga shi kuma fatarsa tana tona abin da a ke son rufewa. A nan ne launi da rashin uba suka haɗu a jikin mutum ɗaya, kuma duk wata kalma da aka kira shi da ita sai ta kwashi nauyin biyun.

A ƙasashen da Faransa ta mallaka, har da Nijar, hanyar ta bambanta. Can an ware irin waɗannan yara da sunan métis, an gina musu gidajen reno a waɗansu garuruwa, kamar Bingerville a Kwaddebuwa, a 1930 kuma aka yi dokar da ta buɗe musu hanyar zama 'yan ƙasar Faransa. Beljiyam ta wuce nan, ta raba dubban yara da iyayensu mata a Kwango da Ruwanda da Burundi, sai a 2019 firayim ministanta ya nemi gafara a gaban majalisa.

Daga kanti zuwa masana'anta

Kwarori sun fara da sayen gyaɗa da fata da sayar da yadi. Yawancinsu daga gida su ke ɗauko mata, amma akwai waɗanda suka auri matan ƙasa. Kafin a sami mulkin kai an fara kafa masana'antu a Bompai. Dokokin mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun rufe wa baƙi ƙofar ƙananan sana'o'in ciniki, saboda haka da yawa suka juya ga masana'antu, waɗansu kuma suka karɓi takardar zama 'yan Nijeriya. Yaƙin basasar Lebanon na 1975 zuwa 1990 ya ƙara ɗaure su a nan. Da Bompai ta cika aka buɗe Sharaɗa, sa'an nan Challawa a kusa da kogin da ta ci sunansa, inda manyan majemun fata suka taru. Indiyawa da mutanen Sin su ma suka shigo. Malam S. A. Albasu ya rubuta tarihin Kwarorin Kano cikin littafin da ya fito a 1995.

Abin da ya shafe mu shi ne, a irin waɗannan wurare mai masana'anta da manyan ma'aikata sau da yawa farare ne, leburori kuwa baƙaƙe. Wanda ya haɗa jini biyu yana tsakiya, kowane gefe yana iya ganinsa na ɗaya gefen ne. Kalmar da aka jefe shi da ita a ƙofar masana'anta tana iya zama gorin asali, tana kuma iya zama haushin talaka a kan mai dukiya. Doka kuwa ta riga ta yanke nata hukunci. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya mai da wanda aka haifa ɗan ƙasa in ɗaya daga iyayensa ɗan ƙasa ne, uba ko uwa, alhali dokar Lebanon ta wajen uba kaɗai ta ke ba da wannan haƙƙi. Watau mutanen da mu ke magana a kansu 'yan ƙasa ne cikakku, da yawansu ba su da wani harshen gida sai Hausa, 'ya'yansu kuma suna zaune a azuzuwan da ɗalibanmu za su koyar.

Ƙirar maganganun biyu

Bari mu warware barbarar yanyawa. Harɗaɗɗen suna ne, kalmomi biyu da mahaɗi a tsakani. Yanyawa wata 'yar dabbar daji ce dangin dila, mai manyan kunnuwa, mai zama a rami. Barbara kuwa ita ce hawan namiji a kan tamata a wajen dabbobi da tsuntsaye. Abin da maganar ke zanawa shi ne ɗan da aka samu tsakanin yanyawa da wata dabba ba irinta ba, wanda bai zama wannan ba bai zama waccan ba.

Waɗansu sun ce laifin maganar shi ne an kwatanta mutum da dabba. Wannan hujja ba ta isa ba. Hausawa su kan kira sarki zaki da toron giwa, su kan kira jarumi bajimi, wankan tarwaɗa ma daga kifi aka samo shi, ga shi kuwa yabo ne a wajen masu son wannan launi. Dafin yana cikin kalmar farko. Ba a cewa mutum ya yi barbara sai in an yi nufin wulakanta shi. Mutane aure su ke yi, su haihu. Wanda ya ce da mutum barbarar yanyawa ya fid da aure daga tsakanin iyayensa, ko ya nufa ko bai nufa ba, kuma mai karatu ya san ba zagin da ya fi wannan zafi a ƙasar Hausa. Mai faɗin maganar yana iya rantsewa launi kaɗai ya ke nufi, amma kunnen Bahaushe ya san inda barbara ta ke zama.

Ruwa biyu ba haka ta ke ba. Ana iya fahimtar ruwa a nan da ma'anar launi, kamar yadda mu ke cewa ruwan toka, ruwan goro, ruwan ɗorawa, ana kuma iya fahimtarsa da ma'anar tsatso. Ko wacce aka ɗauka, maganar ƙidaya ta yi, ta ce biyu ne, ba ta ce ɗaya ya ɓata ɗaya ba. Ba ta kuma tsaya ga launi ba, gama a kan ce da wanda ubansa Bahaushe uwarsa Bayarabiya ruwa biyu ne. Abin da ya fi muhimmanci, mutum ya kan faɗe ta a kan kansa, ya ce ni ruwa biyu ne, ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Da wuya a sami wanda zai gabatar da kansa da ɗaya maganar, sai ko cikin raha tsakanin abokan wasa.

Yanzu sai mu auna tsufa. Bacucane da dimajo sun tsufa, domin abin da su ke nufi ya shuɗe. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, a 1936 kuma aka soke bauta ɗungum a Arewa. Amma duk da tsufansu, a kira mutum da ɗayansu a gaban surukansa a ga abin da zai biyo baya. Barbarar yanyawa kuwa ba ta tsufa ba, tana nan a bakin mutane, har masu fassara su kan ɗauko ta don suna ganin ta fi nuna gwanintar harshe. Dandalin Turawa ta riƙe tsohuwar ma'ana wadda ba mai amfani da ita yau, ba ta kuwa cutar da kowa. Ga misalai uku: tsohuwa mai zafi, rayayya mai zafi, tsohuwa marar zafi. Wanda ya kare magana da cewa ai Hausar da ce bai amsa tambayar ba tukuna.

Yadda abin ya ke a waɗansu harsuna

Ba Hausa kaɗai ta ɗauko irin wannan suna daga garke ba. Kalmar mulato ta mutanen Sifen da Fotugal, wadda Ingilishi ya ara, yawancin masana suna mai da ita ga sunan alfadari, ɗan jaki da goɗiya. Larabawan da su kan ce hajin da wanda ubansa Balarabe uwarsa baiwa, suna kuma faɗinta a kan dokin da ba tsantsar iri ba. Mawaƙi Antara ɗan Shaddad, wanda almajiran ƙasar nan suka sani, ya sha gori saboda uwarsa baiwa ce Bahabashiya. A Amurka an sa mulato cikin takardar ƙidayar jama'a tun 1850, a 1890 aka ƙara waɗansu sunaye na mai rubu'in jinin baƙar fata da mai sumuni, a 1930 aka daina, sai a 2000 aka yarda mutum ya zaɓi jinsi fiye da ɗaya da kansa. Ingila ta sa rukunin masu gaurayen asali cikin ƙidayarta a 2001.

Amma kada a ɗauka hukuncin wata ƙasa ya hau kan kowace. Kalmar half-caste ta zama abin ƙi a Ingila, alhali a Turancin Nijeriya mutane da yawa suna faɗinta ba da nufin ɓatanci ba. Kalmar Coloured ta zama abin ƙyama a Amurka, a Afirka ta Kudu kuwa, inda dokar 1950 ta ɗora ta a kan mutane har aka soke dokar a 1991, da yawa sun riƙe ta sunan jama'arsu. Darasin da ke ciki shi ne kowane harshe da nasa tarihi za a yi masa shari'a. Hujjar da muka kawo a kan barbarar yanyawa daga cikin Hausa ta fito, daga ma'anar barbara da darajar aure, ba sai an tambayi London ba.

Abin da ya kamaci malami

Na farko, kada a goge maganar daga ƙamus ko daga tsofaffin littattafai. Aikin ƙamus, tun daga na Bargery na 1934 har zuwa na Jami'ar Bayero na 2006, shi ne ya tattara abin da mutane ke faɗi, mai daɗi da marar daɗi. Abin da a ke bukata ga masu sabon bugu shi ne su sa alama a gaban irin waɗannan kalmomi, su rarrabe wadda ta tsufa da wadda ke zagi da wadda ta haɗa biyun, domin baƙon harshe da yaro ba su da wata hanyar sani.

Na biyu, a koyar da ita a darasin nahawu da na tarihi, a warware ta yadda muka yi a sama. Ɗalibin da ya ga abin da ke cikinta da idonsa ba ya bukatar a kafa masa doka.

Na uku, a wajen fassara da rubutun labari da maganar aji, in lalle sai an ambaci abin, ruwa biyu ta wadatar. Abin da ya fi ma shi ne a faɗi zancen filla filla, a ce ubansa mutumin Lebanon ne, uwarsa Bakanuwa. Sau da yawa kuma in aka duba za a ga ba abin da ya kawo zancen asalin cikin maganar tun farko.

Na huɗu, akwai gwaji mai sauƙi da malami zai ba ɗalibansa su riƙe a kan kowane laƙabi na jinsi ko kabila, ko Kwara ne, ko Buzu, ko Kaɗo. Su tambayi kansu, za su iya faɗinsa a gaban mai shi da iyayensa? Shi kuma ya kan kira kansa da shi? In amsa ta zama a'a sau biyu, to, kalmar ta ƙamus ce da ɗakin nazari. Kano ta yi shekara ɗari biyar tana mai da 'ya'yan baƙi 'yan gari ta hanyar kiransu da sunan gidajensu, wannan al'ada kuwa ta girmi duk laƙabin da a ke gardama a kansa.